Fatalwa a Tiren Kaka Ozella

Laraba, 9 ga Oktoba, da hantsi

Tiren yana kan teburina. Baffa Roscoe ne ya kawo shi jiya, a naɗe cikin tawul kamar jaririn da aka sallamo daga asibiti. Ya dire shi ya ce, "Farfesa, ga gadonka." Ko zama bai yi ba.

Tsohon tire ne mai zurfi, kusurwa ɗaya a lotse. A cikinsa Kaka Ozella take gasa makaroni da cuku tun kafin a haifi ubana. Duk ɗan garinmu Memphis, nan Amurka, da ya taso a gida irin namu ya san doka. Kaza kowa na iya soyawa, ganye kowa na iya dafawa, amma makaroni mutum ɗaya ne yake yi, kuma ba ya naɗa kansa. Mai yi shi ke nuna magajinsa.

Ranar Litinin duk sun kewaye gadonta a asibiti. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi. Baffa, don ya sa ta murmushi, ya ce, "Mama, ki tashi fa. Wa zai yi mana makaronin Bikin Godiya na watan gobe?" Sai ta ɗaga hannun hagu, wanda ya rage mata. Ta tsallake Goggo Verlene da ke matsa mata ƙafa, ta tsallake kowa, ta nuna bakin ƙofa.

Ni ne a bakin ƙofa. Ban shiga ba.

Zancen ranar Lahadi kuwa ba zan rubuta shi ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da yamma

Ban je ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba, lokacin hutun rana a wurin aiki

Kowa ya samo dalili. Wai ai ni na girma a kicin ɗinta, ni na zauna a kan bokitin nan da take kifewa kusa da obin, murhun gashinta, shekara da shekaru. Matar Baffa ta ce, "Ai Cordell ya haddace hannun Mama kamar yadda yake haddace littattafan nan nasa."

Ban gyara mata zance ba, abin da ba a saba gani ba.

Na zauna a kan bokiti, gaskiya ne. Amma idona yana ina? A littafi. Idonta ya yi rauni tun da wuri, sai take sa ni in karanta mata duk abin da na aro daga laburare, labarin yaƙi ne ko na masu fashin teku, ita tana aikinta. In lokaci ya yi sai ta ce, "Dell," in kife littafi, in riƙe mata ƙofar obin ta zaro tire. Wannan shi ne kaf abin da na sani game da makaronin Kaka: buɗe ƙofa.

Ban san me take zubawa ba. Ban taɓa ɗaga kai na duba ba, ko sau ɗaya. Kuma ba ta taɓa rubutawa ba, wa zai rubuta sunan kansa don kada ya manta?

Lahadi, 13 ga Oktoba, da azahar

Yau babu cin abinci a gidan Kaka. Lahadi ta farko ke nan tun da na yi wayo.

Na tsaya ina goge teburina, sai na ji ina cewa a fili, ni kaɗai, "Bari in ƙarasa." Na jefar da tsumman na fita.

Talata, 15 ga Oktoba, da yamma

Na aro littattafan girki daga laburare har sai da matar da ke wurin ta tambaye ni ko aure zan yi. Na ce mata a'a, jana'izar mutuncina nake shiryawa. Ba ta yi dariya ba.

Duk bakinsu ɗaya, waɗannan marubutan masu doguwar hular kuku. A narka man shanu, a zuba fulawa, a juya, a tsiyaya madara, a zuba cuku. Na bi su kamar ɗan makaranta. Abin da ya fito daga obin, in ka yanka shi, sai ya malale kamar wanda ya ji kunya. Na Kaka kuwa in ta yanka, tsayawa yake da ƙafarsa, murabba'i, sama ja-ja mai ƙamas-ƙamas, ciki lukui. Kusurwar da ta fi gasuwa ita ake rigima a kai, kuma kullum a farantina take sauka, Baffa yana ƙunƙuni.

Na zubar.

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Ban je ba. An ce an mayar da ita gidan jinya, inda ake koya wa mutum riƙe cokali daga farko.

Asabar, 19 ga Oktoba, da la'asar

Goggo Verlene ta bugo. Tun ranar nuni ba ta yi mini magana ba. Shekara nawa tana tsaye a gefen Kaka tana miƙa mata cokali, sai ga wani ɗan lodin kwali mai dogon baki an ba shi tire.

Ta ce, "Mai tire, kana lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Goggo."

"To saurara. Gidan jinyar nan suna bikin Halowin ƙarshen wata, iyalai za su kai abinci. Ka san ni ba na shiga bikin fatalwa da dodanni, na Shaiɗan ne, amma don Mama zan je. Mun zauna mun yanke. Ba za mu miƙa maka Bikin Godiya haka kawai ba. A can za mu gwada ka."

Na ce, "A kan tsofaffi marasa lafiya?"

Ta ce, "In kisa za ka yi, gara waɗanda suka riga suka shirya."

Na so in ce, Goggo, ban iya ba, zo ki ɗauki tiren nan. Kalmomin sun zo har haƙorina. Abin da ya fito shi ne, "Ki zo da babban faranti, kada ki ce ban gaya miki ba."

Wannan bakin nawa. Wata rana zan kai shi kogi in jefa.

Kafin ta ajiye ta ce, "Tana kallon ƙofa, Cordell." Na ce layi ba ya da kyau.

Litinin, 21 ga Oktoba, da yamma

Na sake gwadawa. Na ƙara fulawa don ya tsaya. Ya tsaya kam. Da shi za a iya gyara ramukan titinmu.

Talata, 22 ga Oktoba, da hantsi

Likitan nan ya dawo mini a rai, ina tsakiyar lodi. Yadda ya tsaya da allonsa ya tambaya, "Tun yaushe bakin ya fara karkacewa? Wa ke kusa da ita?" Ya ce a wannan ciwon kowane minti yana da nauyi. Baffa ya kalli takalminsa.

Ni ke kusa da ita. Kullum ni ke zama a damanta.

Muna teburin abinci ranar Lahadin nan, ina ta musu da Baffa. Musun ma na me? Kan sabuwar motar fasto. Na karanta wani abu a kan tarihin coci, sai na ga dole Baffa ya ji shi daga farko har ƙarshe.

Ya isa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

Na samo mafita, kuma sai da na yi dariya ni kaɗai a cikin bas. Bikin ɓad-da-kama ne, ko ba haka ba? Kowa zai rufe fuska. To makaronina ma zai rufe fuska.

Zan rina shi baƙi wuluk da kalar abinci. Zan yanka farin cuku siffar fatalwa in shimfiɗa a sama, in yi musu idanu da ɓarɓashin zaitun. Baƙin zaitun in raba biyu, in yi masa ƙafafu, ga gizo-gizo. In gasa burodi in yanka shi kamar duwatsun kabari in kakkafa. Idan Goggo ta ce bai yi kama da na Kaka ba, sai in ce, "Ai da gangan ne, Goggo, wa ke gwada fatalwa da mai rai?" Wa zai ji ɗanɗano yana tsakiyar dariya?

Na san dokar. Ba a wasa da makaroni. Wata 'yar uwarmu ta taɓa zuba masa koren wake, har yau in ta shigo taro sai a ce mata ta kawo kofunan takarda kawai. Amma wannan ba wasa ba ne, dabara ce.

Asabar, 26 ga Oktoba, da rana

Ban je ba. Na je kanti dai, na sayi zaitun.

Laraba, 30 ga Oktoba, da yamma

Fatalwowi sun yi kyau, na rantse. Na yi musu baki a buɗe kamar suna kiran wani.

Na daɗe ina kallon ɗaya. Sai na cinye ta don ta daina.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da safe

Ban je aiki ba. Zan rubuta na jiya yadda ya faru, in ya so in ƙone shafin.

An ƙawata zauren cin abincinsu da kabewa da jemagun takarda. Tsofaffi a keken guragu, an ɗora wa wasu hular mayu, wata tana barci da tata a karkace. Na shigo da tire a hannu, ina ji da kaina. Sai da na ɗaga murfin a tsakiyar teburi, na ga idanun da suka sauka a kai, sannan na gane abin da na yi. Maƙabarta na kawo wa mutanen da ke jiran kira. Da duwatsunta, a jere.

Duk karatuna, wannan bai faɗo mini ba ko sau ɗaya.

Sai wani tsoho, Mista Lucius, da bututun iska a hanci, ya turo kekensa, ya zare dutse ɗaya ya juya shi gaba da baya. Ya ce, "Ɗan nan, wannan nawa ne? Ai ko suna ba ku rubuta ba. Rowar iyalina ta biyo ni har nan?" Ya gatsa. Ya ce, "Gara in ci shi kafin ya ci ni."

Aka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce a ba ta biyu, ɗaya na mijinta na farko, don bai samu ba. Suka yi ta miƙo faranti. Can sai na ga leɓuna sun yi baƙi, harsuna baƙi, haƙoran roba baƙi ƙirin. Ma'aikaciyar jinya tana bin su da tsumma tana cewa, "Yesu, me aka ba su?" Baffa ya yi dariya har ya riƙe bango. Na ce a raina, dabara ta ci.

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta turo keken Kaka.

Tun ranar Lahadin nan ban kalli fuskarta sosai ba. Ta rame. An yi mata kitso da ba irin nata ba. Hannun dama yana kan cinya kamar kayan wani da aka ba ta ajiya. Ba ta kalle ni ba, tirenta ta kalla. Ta sa hannun hagu ta jawo shi, ta shafa kusurwar nan da ta lotse. Sannan ta fara cire fatalwowina, ɗaya bayan ɗaya, tana jera su a kan takardar goge baki, ba gaggawa. Ta kwashe gizo-gizo. Ta tuge sauran duwatsu. Har ya rage abin da na yi, tsirara.

Ta nutsa cokali a kusurwa. Ta kai baki da ƙyar, rabi ya zube a rigarta. Ta riƙe shi a baki. Ta riƙe. Sai ta ɗauki takarda ta fitar da shi a hankali, ta naɗe.

Sannan ta ɗago ta kalle ni. Leɓenta ya yi baƙi ta gefen da ya karkace.

Na fita. Ban yi gudu ba, amma kaɗan ya rage.

Goggo ta same ni a wurin ajiye motoci, ina neman makullin motar da ban taɓa mallaka ba.

Ta ce, "Fulawa. Fulawa ka zuba a tiren Mama."

Na ce, "Haka littattafai suka ce."

"Littattafai! Su ne suka haife ka?"

Na ce, "To ki ɗauka mana! Ai abin da kike so ke nan. Ban iya ba. Kin ji? Ban taɓa iyawa ba. Ban san me take zubawa ba, ban taɓa kallo ba. Je ki gaya wa kowa, ki hau bagaden coci ranar Lahadi ki sanar!"

Ta tsaya tana kallona, ta gyara jakarta a kafaɗa. Ta ce, "Ka gama, ko in bar ka ka ƙarasa?"

Wannan ya shige ni kamar wuƙa. Ta gani kuma. Muryarta ta sauka.

Ta ce, "Wa kake tsammanin bai sani ba? Ni na sani. Roscoe ya sani. Kai da ko ruwan zafi sai ka ƙona shi. Kana ganin matar da ta yi shekaru tana tsallake ƙafafunka a kicin ita ce ba ta san kanka a littafi yake ba?"

Na ce, "To don me ta nuna ni? Don ta kunyata ni?"

"Wawa. Ni na iya makaronin nan idona a rufe, kuma ta san na iya. Da ni ta nuna, me zai kawo ka ɗakinta? Ta ba ka abin da ba za ka samu a laburare ba, don dole ka zo ka tambaye ta. Mun ce ba wanda zai taimake ka. Ina zaune ina jira ka ji wuya ka tafi wurinta, sai ka tafi ka sayo zaitun."

Na ce, "Goggo, ranar nan ta kira ni. Ta sake kira. Na ɗauka tsawatarwa ce, na ce mata bari in ƙarasa."

Ta ce, "Duk muna teburin, Cordell. Duk mun ɗauka tsawatarwa ce. Kai kaɗai ne ka mayar da shi naka, don ko laifi ba ka iya rabawa da mutane." Ta juya, sai ta waiwayo. "Ka wanke tiren nan da kyau. In baƙin nan ya kama shi, ni da kai ne."

Asabar, 2 ga Nuwamba, da rana

Na wanke tire. Na sake wankewa.

Ban je ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da la'asar

Na je har bakin ƙofar gidan jinyar. Mista Lucius yana shan iska a baranda, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Mai maƙabarta! Yau wa ka zo ɗauka?" Har yanzu akwai baƙi-baƙi a haƙoransa. Na ce mantuwa na yi, na juya.

Talata, 5 ga Nuwamba, da yamma

Na je.

Akwai wani ɗan kicin a can inda ake koya musu aikin hannu. Na roƙi ma'aikaciyar ta ba mu shi, ta ce in dai babu kalar abinci. Na kwaso duk abin da zan iya tunawa na taɓa gani a firjin Kaka, na jera a teburi. Aka turo ta.

Na shirya magana tun a bas, doguwa, mai kai da ƙafa. Na durƙusa gaban kekenta na ce, "Kaka, ranar Lahadin nan..."

Ta ɗauki cokalin katako ta buga tire. Ƙwal! Ta nuna tukunya.

Na ce, "To, Kaka."

Na miƙa hannu ga fulawa, ta sauke mini cokali a bayan hannu. Hannun hagu ne, amma da ƙarfinsa. Ta ture fulawar har ta faɗi ƙasa. Ta nuna ƙwai. Ƙwai! Ta nuna madarar gwangwani. Na kaɗa su tare, ina zuba gishiri tana kallo, da ya isa sai cokali ya sauka a hannuna. Cukun da na goge duka ta harare shi, ta sa na yanka rabi gunduwa-gunduwa. Makaroni ƙasa, cuku, makaroni, cuku, sannan a tsiyaya ruwan ƙwan ta gefe har ya leƙo. Duk inda na yi daidai, shiru. Duk inda na kauce, cokali. Yanzu haka bayan hannuna a kumbure yake, da ƙyar nake riƙe biro, kuma ban taɓa son wani ciwo kamar wannan ba.

Wannan karon na kalla. Komai na kalla.

Na saka tire a obin, na rufe. Na ce, "Minti nawa, Kaka?"

Ta yi mini wani kallo, irin na da, wanda ke cewa karatun nan bai amfane ka da komai ba. Ta nuna aljihun rigata, inda littafi ya leƙo. Ta nuna ƙasa kusa da obin.

Babu bokiti, sai na kife kwandon shara na zauna. Na fara karantawa. Kaka ta lumshe ido. Ƙamshin ya fara tashi, wannan ƙamshin, har na ga ma'aikaciyar ta leƙo ta koma. Labarin ya ja ni, an zo daidai inda za a gane wanda ya buɗe wa maƙiya ƙofar gari, ina tsakiyar jimla.

Sai na ji wani sauti daga gefena. Ba kalma ba ce cikakkiya. Ta yi ta kokawa da shi, ya fito a karkace, rabi iska.

"De..."

Na kife littafin.

Ban ƙarasa ba.